Shekarar da Garkata Ta Kusa Zama Masallaci

Bayan gidanmu akwai garka. Ba wata babba ba ce, amma a ƙauyenmu, inda gonar wannan take jingine da katangar wancan, kuma da damina ba a barin ko taku ɗaya na ƙasa babu shuka, mai irin wannan wuri ya san yana da abu. Surukata ce ta fara aikinta, mahaifiyar maigidana. Da ƙarfinta ya fara ƙarewa ta kama hannuna ta zagaya da ni, ta nuna mini inda kowace shuka take so, ta ce, "Ga ta nan, kada ki bari ta zama juji." Allah ya ji ƙanta. Ƙasar ta maigidana ce, amma tun daga ranar duk abin da ya tsiro a ciki ni na sa shi.

Idan aka shiga ta ƙofar cikin gida, rijiya ce farko a hannun dama, sai gwaiba kusa da ita, sai babban mangwaro wanda inuwarsa take ɗaukar tabarmi da yawa. Daga gindin mangwaron zuwa gabas fili ne, shi nake shukawa: masara a tsakiya, kuɓewa da barkono a gefe, yakuwa da rama a bakin darni, kabewa kuma ta hau darnin abinta. A kusurwar da take kallon hanya akwai lemun tsami da zogale. A wannan gefen ne kuma ƙofa ta biyu take, ta langa-langa, wadda ba a buɗewa sai da dalili.

Ni ba mai fita ba ce. Kasuwa ba na zuwa, gona ba na zuwa, unguwa sai ta kama dole. Saboda haka garkar nan ita ce inda nake shan iska. A nan nake wanki da shanya, a nan nake surfe idan tsakar gida ta ɗauki zafi, a nan nake zama da ɗankwali kawai in ɓare gyaɗa ko in tsinci shinkafa, ba wanda yake ganina sai kaji. Wanda bai zauna cikin gida shekara da shekaru ba, da wuya ya san darajar irin wannan wuri.

Ƙofar gidanmu kuwa a bakin hanya take. Babura da motocin haya masu zuwa Ɗanbatta ba sa bari a shimfiɗa tabarma, zauren kuma mutum kaɗan ne suke cika shi. Shi ya sa duk taron da ya taso a gidan, a garka ake yi. Daga baya maƙwabta ma suka fara aro. Ban taɓa hanawa ba, domin ina son taro, in dai za a bi tsari. Tsarin kuwa ɗaya ne. Da safe a yi shara. Bayan shara a yayyafa ruwa, a jira ƙasa ta tsotse. Sannan tabarmi, manyan a gindin mangwaro don dattawa, sauran su biyo baya. Sannan a cika randa, a jera butoci a gindin gwaiba, domin ruwan alwala ya tafi inda zai yi amfani. Abinci shi ne ƙarshe. Idan an ajiye shi, na tabbatar kowane kwano da murfinsa, sai in koma ciki in ja ƙofa, maigida ya buɗe ta waje maza su shigo. In sun watse a rufe ta waje, in buɗe ta ciki, a naɗe tabarmi, wurin ya dawo hannuna kafin magariba. Mun yi shekaru a haka ba abin da ya taɓa kaucewa.

Shekarar da zan ba da labarinta da kaka ta fara. Na kwashe masara, na sare karan, na yanyanka kuɓewa na shanya, fili ya zama fetal. 'Yarmu ta biyu ta yi saukar Alƙur'ani a islamiyya, aka sa ranar walima. Na yi waina da miyar taushe da kabewar garkar, na haɗa zoɓo da kunun zaƙi. Mutane suka zo fiye da yadda aka zata, aka daɗe ana addu'o'i, har la'asar ta riske su a zaune. Masallacin unguwarmu da 'yar tafiya, sai an tsallaka hanya an ratsa gonaki, dattawa kuma sun ci sun yi nauyi. Sai ƙanin maigidana, autansu, wanda yake sana'ar acaba, ya tashi ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa ta wajen gabas, aka yi sahu aka yi sallah a nan. Ina jin su daga cikin gida. Ban ga laifi ba. Washegari da na yi shara layin ya bi tsintsiya.

Da sanyi ya shigo matar Auta ta haihu. Gidansu babu fili, don haka suna sai a garka. Da sassafe ake raɗa suna, sai na ɗan sauya tsari: ban yayyafa ruwa ba, na sa aka tara kara aka hura wuta nesa da bishiyoyi, tabarmi suka kewaye ta. Na dama kunun gyaɗa, na soya ƙosai, aka raba goro da dabino, aka yi addu'a, aka yanka rago a bayan rijiya. Dangin mai jego sun zo daga wajen Makoda kuma suka yini, saboda haka azahar da la'asar duk a nan suka yi su. Da yamma da na shiga naɗe tabarmi sai na tarar da bulo a jere ta gabas, ragowar wanda muka yi gyaran katanga da shi. An yi layi da su, an ɗan fitar da wasu gaba wurin tsayuwar liman.

Auta yana nan yana fama da igiyar da aka rataye rago. Tsakanina da shi akwai wasa, irin na mace da ƙanin mijinta.

Na ce, "Auta, wa ya yi mini gini a gona?"

Ya ce, "Haba matar Yaya, gini kuma? Layi ne kawai. Baƙin nan kowa da inda ya fuskanta, wani har Daura yake kallo."

"To sun tafi. Kwashe."

"Ki bar ni in huta mana. Yau fa na zama uban ɗa, ki ɗan girmama ni. Gobe zan kwashe."

"Uban ɗan da ko igiya ya kasa kwancewa."

Ya yi dariya, ya samu ya kwance igiyarsa ya tafi. Gobe ta yi bai zo ba. Ba nauyin bulon ne ya fi ƙarfina ba, na sha ɗaukar abin da ya fi shi. Amma da na tsaya a kansa na duba, wuri ne da aka sa goshi, ga alƙibla an fitar, sai hannuna ya ƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu: inda maza suka yi sallah suka bar alama, mace ba ta zuwa ta watsa. Na ce wa maigida ya kwashe. Maigida ya ce ai Auta ne ya jera, shi zai zo ya kwashe.

Cikin rani ɗan maƙwabcinmu ya yi aure, aka ari garka don walima. Na yi musu shara da shimfiɗa kamar kullum, su suka kawo abincinsu, shinkafa da wake da taliya a manyan kuloli. Baƙin da suka zo ba wanda ya tambayi tarihin bulon. Da suka gan shi sai kowa ya cire takalmi kafin ya tsallaka layi, yara kuma aka riƙa korarsu kada su taka. Maigida ne ya ba ni wannan labarin yana dariya. A raina na ce ba abin dariya ba ne.

Bayan walimar nan masu shaguna da masu gyaran babur na bakin hanya suka gane akwai wurin sallah a kusa, ga rijiya, ga inuwa. Suka roƙi maigida ya riƙa buɗe musu ƙofa da azahar. Ya buɗe. Sai aka ƙara la'asar. Sai ya gaji da tashi yana buɗewa yana rufewa, ya daina sa sakata.

Wata rana bayan azahar, na jira har na ji shiru, na shiga da bokitin wanki kaina babu mayafi. Sai ga mutum a tsugune a bakin rijiyata yana alwala, ban taɓa ganinsa ba. Mai tallan yadi ne, ga kayansa a ɗaure a bayan keke ya jingine da mangwaro. Ya ɗago ya gan ni, ya yi sauri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, ashe mata ma suna shigowa nan?"

Na juya da bokitina na koma ciki.

Daga ranar sai da hijabi nake shiga garka, kuma sai na leƙa tukuna. Daga baya na ɗaura igiyar shanya a tsakar gida. Ruwa kuwa da sassafe nake ja, in cika duk abin da zai cika, don kada in sake komawa. Turmi ma na sa aka mirgino mini shi ciki.

A shekarun nan cikin bazara azumi yake faɗowa. Al'adar gidanmu ce tun zamanin surukata, a fitar da abin buɗa baki garka saboda wanda magariba ta riske shi a hanya. Ban fasa ba. Kunun tsamiya, ƙosai, ruwan randa mai sanyi, wata rana dambu ko ɗanwake. Amma da can in an sha ruwa kowa masallaci yake nufa, a bar mini kwanonina. A wannan shekarar kuwa a nan ake magariba, a zauna a jira isha'i da asham. Wani ya kawo yashi a amalanke ya zuba cikin layin bulo. Wani ya kawo doguwar tabarmar roba mai zanen sahu. Mangwaro ya nuna ya ƙare, abin da na samu wanda ya faɗo ta kan katanga ne. Idan aka aiko yara neman wani, sai in ji ana ce musu, "Ku duba masallacin garka." Sunan ya zauna a bakin mutane, kuma babu wani lokaci a yini da wurin yake dawowa hannuna.

Cikin goman ƙarshe Auta ya shigo karɓar wa matarsa kunu, fuskarsa cike da fara'a.

"Matar Yaya, albishirinki."

"Goro, in labarin ya kai na goro."

"Wani bawan Allah ya ce zai ba da kwanon rufi. Kafin ruwa ya sauka za a yi rufi. Ke kam ladanki ba a magana, kina kwance a ɗaki ana rubuta miki."

"Masarata fa, a ina zan shuka?"

"Masara? Ana maganar Aljanna kina maganar masara?"

"Bara da kake zuwa kana gasawa kana cika baki, ban ji ka ce haka ba."

"Zan sayo miki a Ɗanbatta, buhu guda, in ɗoro a babur."

"Kai ɗin? Tun da na zo gidan nan ko rake ba ka taɓa sayo mini ba."

Ya ɗauki kununsa ya fita yana dariya. Ni kuwa na zauna a bakin murhu na yi tunani. Bulo ana iya ɗagawa, yashi ana iya kwashewa, amma ranar da kwano ya hau, ba wanda zai sauke shi a ƙauyen nan. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Ga irin masara da na kuɓewa a rataye a ɗakina tun kaka. In ban yi magana yanzu ba, garka ta tafi ke nan, ni da ita sai leƙe.

Washegari da hantsi na sami maigida a tsakar gida yana sa wa fartanya ƙota. Mutum ne mai sanyin hali, mai tsananin kunyar jama'a. Na jawo kujera na zauna.

Na ce, "Malam, tambaya zan yi, ka amsa mini ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Ina ji."

"Ka ba da garka a yi masallaci?"

"Ban bayar ba."

"An tambaye ka kafin a zuba yashi?"

"Ba a tambaye ni ba."

"Maganar kwano fa?"

Ya jujjuya ƙotar a hannunsa. Can ya ce, "An faɗa mini. Na ce Allah ya ba da iko."

"To ai saura kaɗan ka bayar."

Ya ajiye fartanyar. "Me kike so in ce? In miƙe a gaban jama'a cikin azumi in ce a daina sallah a gidana? Har in mutu sunana wanda ya tashi masallaci. 'Ya'yanmu ma da shi za a riƙa kwatancensu."

Gaskiya ya faɗa, na san mutanenmu. Ban ja maganar ba. Na ce, "To ka ba ni izini in je in gaida Baffa."

Ya dube ni, ya sake ɗaukar fartanyarsa, ya ce, "Ki je. Ki gaishe shi."

Baffa ƙanin mahaifin maigidana ne, shi ne limamin unguwarmu, ya tsufa ƙwarai. Na ƙulla masa garin kunu da tsamiya, na sa hijabi, na ratsa gonakin da aka gama sharewa ana jiran ruwa. Na same shi a zaure a kan buzu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yata, ke da ba kya fita, lafiya dai?"

Na faɗa masa tun daga farko: layin ƙafa, bulo, cire takalma, sakata, mutumin bakin rijiya, yashi, sannan kwano. Ban tsallake komai ba, shi ma bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Ashe shi ya sa sahuna ya ragu da magariba. Ni na zaci mutuwa ake yi ba a faɗa mini." Ya yi 'yar dariya, sannan ya gyara zama. "Mijinki ya furta da bakinsa cewa ya ba da wurin saboda Allah?"

"Ya ce bai furta ba."

"An yi gini?"

"Ba a yi ba, Baffa. Bulo ne a jere ba siminti."

"To har yanzu wuri ne da aka yi sallah a cikinsa, kamar yadda ake yi a gona ko a bakin kasuwa. Sallarsu ta yi, ƙasarku tana nan taku. Amma in aka yi rufi yana kallo, ya sakar wa jama'a suna shiga suna fita, ya bayar ke nan ko bai furta ba. Kin zo a kan lokaci. Sai dai ki sani, mutanen bakin hanyar nan da gaske suke buƙatar wurin sallah. Nan ya yi musu nisa, mai shago ba zai bar kayansa ya ratso gonaki sau biyar ba. In aka ce su fita kuma ba inda za su, bakinsu ba zai bar mijinki ba."

Na riga na yi wannan tunanin tun a gida. Na ce, "Baffa, akwai kusurwar da take kallon hanya, inda lemun tsami yake. In aka matso da darni ciki, wurin zai koma waje, ƙofarsa a kan hanya. Ba zai yi faɗin na yanzu ba, amma zai ɗauke su."

"Lemun surukarki?"

"Shi."

Surukata matar wansa ce, a gabansa aka dasa lemun nan. Ya ce, "Kin yarda a sare shi?"

"Ban so ba, amma na yarda. Rijiya kuma ta zauna a ciki. A ajiye musu babbar randa a waje, mu za mu riƙa cikawa."

"Mijinki ya san da wannan?"

"Zai sani in na koma. Ƙasarsa ce, in ya ƙi shi ke nan."

"Ba zai ƙi ba, hanyar fita yake nema. Ki koma. Kada ke ko shi ku taɓa bulon nan. Washegarin sallah zan zo cin tuwo."

Da na faɗa wa maigida ya sauke numfashi kamar wanda aka ɗauke wa dami daga ka. Abin da ya tambaya kawai shi ne zogale. Na ce zogale a sari reshe a kafa a wani wuri, kamawa yake yi. Lemun ne ba zai dawo ba.

Washegarin ƙaramar sallah dama ranar taron dangi ce a garka. Na tashi na yi shara da hijabina, na zagaye yashin ban taka ba, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarmi, na jera butoci. Na tuƙa tuwon shinkafa, miyar taushe da kaji. Da na koma ciki ban ja ƙofar duka ba, na bar 'yar kafa, na ajiye kujera a bayanta. Ban taɓa leƙen taron maza ba sai ranar.

Auta ne ya ɗauko Baffa a babur, bai san abin da ya ɗauko ba. Aka ci, aka sha, aka yi barka da sallah. Mutanen bakin hanya suka shigo da la'asar kamar yadda suka saba, Baffa ya ja su sallah a kan yashin. Da ya sallame bai tashi ba, ya juyo ya fuskance su.

Ya ce, "Jama'a, ɗana mai gidan nan ya ba da wuri saboda Allah a yi masallaci."

Aka ɗauki kabbara. Muryar Auta ta fi ta kowa.

Baffa ya ɗaga sandarsa ya nuna kusurwa. "Ga shi can, a bakin hanya, inda baƙo zai gani ya shiga ba sai ya ratsa bayan gidan mutane ba. Nan kuwa aro muka yi. Masu wuri sun yi haƙuri da mu, mun gode, yau za mu mayar musu, damina ta zo."

Wani dattijo mai shago ya ce, "Allah ya gafarta Malam, can ai babu inuwa."

Baffa ya ce, "Kwanon da aka yi alkawari ai don inuwa ne. Ko mai kwanon mangwaro ya yi niyyar rufewa?"

Wasu suka yi dariya. Ya dafa sanda ya miƙe, ya sunkuya ya ɗauki bulon da yake gaban liman. Mutane suka taso, "Baba, kawo! Baba, bari mu ɗauka!" Ya ƙi ba kowa. Ya taka a hankali, bulo a ƙirji, har gindin lemun tsami, ya ajiye. Wanda ya ga liman ya ɗauka da hannunsa ba zai tsaya yana kallo ba. Nan da nan bulo ya ƙare. Wanda bai samu ba ya nemi buhu ya hau kwasar yashi, wasu suka naɗe tabarmar roba. Na hango maigidana da bulo a kowane hannu, yana tafiya kamar saurayi. Auta ya tsaya yana waige-waige, har idonsa ya faɗo kan kafar ƙofar da nake. Ya girgiza kai, ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya kama bakin buhu.

Auta ne ya sare lemun da gari ya waye. Ban fita ba. Ina jin gatari daga ɗaki, ƙanshin ganyen ya cika tsakar gida har ya shiga kayan shanya. Da ya gama ya yi sallama ya shigo da 'yan lemun da suka rage a kwano, ya ajiye a gabana. Ranar bai yi wasa ba.

Ya ce, "Matar Yaya, ga ragowar. Zan nemo miki dashe."

Na ce, "Ka fara matso mini da darni tukuna. Bayan darni ƙofa. Bayan ƙofa sai mu yi maganar dashe."

Haka aka yi. Aka matso da darni, aka mayar da ƙofar langa-langa sabon wurinta da sakatarta, aka kafa ginshiƙai a kusurwa, kwano ya hau. Maigida ya furta a gaban shaidu cewa ya ba da wurin. Randa tana bakin ƙofarsu, kullum da safe ana cika ta daga rijiyata.

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba. Inda aka yi ta sallah ƙasar ta daddale kamar daɓe, fartanya ta ƙi shiga, sai da maigida ya fasa ta da diga muka zuba takin awaki. Duk da haka masarar wurin gajera ta fito, 'ya'yanta ƙanana. Garkar ma ta ragu, layin yakuwa ɗaya na rasa inda zan sa shi. Sauran kuwa sun yi kyau, kuɓewa har na rasa yadda zan yi da ita.

Da damina ba a taron maza a garka, domin shuka ta cinye fili, sai gindin mangwaro kaɗai. Wannan lokacin na mata ne. Da masara ta nuna na aika aka kira ƙannena, da maƙwabta, da matar Auta da ɗanta wanda ya fara zama. Muka hura gawayi a kasko, muka karyo masara muna gasawa, ana hira ana shewa, an baje ƙafafu. Da aka tayar da la'asar a bayan darni muka sassauta murya har suka sallame, sannan muka yi tamu, muka koma kan hirarmu.

Maƙwabciyata ta matso kusa da ni ta ce matar ɗanta ta kusa haihuwa, maigidanta yana son ya san ko za a ba su aron garka ranar suna, yana jin nauyin tambaya bayan abin da ya faru.

Na ce, "Su zo mana, in dai na kwashe masara. Sai dai ki faɗa masa, in lokacin sallah ya yi, masallaci yana bayan darni. Kowa ya sa takalminsa ya zagaya."

Ta ce za ta faɗa masa. Na ciro wata masara daga wuta, na naɗe ta a ɓawonta saboda zafi, na miƙa mata.